Kafin Ka Aza Tubalin Farko

Da yawa daga cikinmu, da zarar mun kama aikin gwamnati, babban burinmu shi ne mallakar gida. Amma sai ka ga mutum ya tara kuɗin siminti da rodi, ya ƙi biyan mai zanen gini, ya ari zanen gidan abokinsa ya miƙa wa birkila. A ganina wannan ganganci ne, domin araha ba ta ado.

Mai zane na ƙwarai zai taka filinka da ƙafarsa, ya duba hanyar ruwa da mafaɗar rana. Zai tambayi yawan iyalinka da ƙarfin aljihunka, ya raba zaure da cikin gida don sirrin iyali. Shi zai shirya zanen da hukuma za ta amince da shi, kuma in kun rubuta yarjejeniya, ya sa ido kada ɗan kwangila ya rage siminti. Kai kuma ka nemi shaidar rajistarsa da hukumar ARCON, wadda doka ta kafa a 1969.

Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a 2021, ya hallaka mutane fiye da 40, ya ishe mu ishara. Rigakafi dai ya fi magani.