Fenti ba shi tsai da mota

Mu da abokanmu na fada mun tada wata tsohuwar Peugeot 504 bashe cikin kwana 12, don ta kwaso albasa zuwa Madawa tun kuɗinta bai faɗi ba. Amma mu faɗa ma juna gaskiya: sauri ya sa muka kashe kuɗi ga fenti da batiri, birki muka bar ma "in Allah ya so". Peugeot da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 tana da ƙwari, amma gangaren Buza ba shi jiran makanisiyan. Jiya mun maida ta garaji. Gara mu rasa ciniki da mu rasa direba. Masu gyara, ku fara da birki.