Gansakuka da Inuwar da Ke Ƙaura daga Birnin Kano

A cikin birnin Kano babu mai shuka gansakuka. Idan ta fito a gindin randa, uwargida kankare ta take yi. Idan ta lulluɓe bakin rijiya, sai a sa yaro ya goge ta da tsintsiya don kada wani ya zame. Idan kuwa ta bayyana a gindin katanga cikin watan Agusta, maigida ya san lokacin kiran magini ya yi. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da hujja. Sai dai ana mantawa da cewa wannan koren tsiro ba ya zama sai inda inuwa da laima suka haɗu, su kuwa waɗannan biyun su ne abin da tsohon birnin ke rasawa shekara bayan shekara. Saboda haka ya dace Kanawa su sake duban gansakuka, har ma su ware mata gurbi a gidajensu, domin gidan da ba ta iya rayuwa a cikinsa ya kama hanyar fin ƙarfin mutanen da ke kwana a ciki.

Bahaushe ya haɗa abubuwa biyu ya ba su suna ɗaya. Akwai kore mai yauƙi da ke shimfiɗuwa a kan ruwan kududdufi ko a cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Akwai kuma mai laushi kamar karammiski, wadda ke manne wa dutse da bulo da gindin bishiya. Ta biyun ce abin magana a nan, kuma tsiro ce sosai, mai ƙananan ganyaye da sai an sunkuya ake ganinsu. Masana tsirrai sun ƙidaya nau'inta kusan 12,000 a duniya. Ba ta da saiwar da ke jan ruwa daga ƙasa, sai 'yan zaruruwa da take riƙe abin da ta hau da su. Da jikinta take sha, ganye da kara, shi ya sa ba ta tsawo. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Wasu ƙwayoyi take saki masu kama da ƙura, iska ta ɗauke su, inda suka tarar da damshi su tsira. Haihuwarta ma ba ta yiwuwa sai da ɗan ruwa kwance a jikinta.

Wannan rauni yana tare da wata baiwa. Nau'o'i da yawa na gansakuka suna iya bushewa ƙarau, su koma launin ƙasa, su yi watanni kamar sun mutu, amma da zarar ruwa ya taɓa su sai su buɗe su koma kore. Da haka take tsallake shekarar Kano, inda kusan dukkan ruwan sama ke zuba tsakanin Mayu da Satumba, hunturu ya biyo baya da busasshiyar iska mai tsaga leɓe, sannan bazara ta kai zafi maki 40 ko fiye a watan Afrilu. Fari ba ya kashe ta da sauri. Abin da ke gamawa da ita shi ne rana mai dukanta kai tsaye, da daɓen da ba ya riƙe ko ɗigon ruwa.

Tsohon birnin kuwa a kan ruwa da inuwa aka kafa shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Jakara a matsayin kurmi mai duhu da baƙin ruwa, kusa da Dala, tun kafin Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12. Kasuwar da Muhammadu Rumfa ya kafa a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499, har gobe Kurmi ake kiranta. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Durumin Iya, Durumin Zungura, Rimin Kira, Cediyar 'Yan Gurasa, Rijiya Biyu, Bakin Ruwa. Mutane ba sa laƙaba wa unguwa sunan bishiya sai bishiyar ta zama wurin zamansu da hirarsu. Duk inda aka haƙi ƙasar tubali ko ta badala, kududdufi ya samu, ya tara ruwan damina, kainuwa da bado suka rufe shi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, tafkunan cikin gari suna cikin abubuwan da ya rubuta. Ga lunguna masu ƙunci da rana ba ta daɗewa a cikinsu, ga katangu masu kauri, ga tsakar gida mai ƙasa da bishiya da rijiya. Maginan da suka yi wannan tsari ba don gansakuka suka yi ba, don sanyin jikinsu suka yi, ita kuwa ta samu wurin fakewa.

Yau kududdufai da yawa an cike su da shara an yi gini a kai. Tsakar gida an malale ta da siminti daga bango zuwa bango, durumin ƙofar gida an sare shi an fitar da shago, rufin azara da ƙasa ya koma kwano. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi: iyali sun ƙaru, fili ya yi tsada, ginin ƙasa kuma yana son yaɓe kusan kowace shekara. Amma sakamakon a bayyane yake. Ruwan da a da yake nutsewa cikin ƙasa ko ya taru a kududdufi yanzu bin lungu yake yi yana shiga ɗakuna, siminti da kwano kuma suna tara zafin rana su sake shi da dare. Ƙarancin gansakuka a gida alama ce ta wannan sauyi, kuma alama ce da ba ta bukatar na'ura kafin a karanta ta.

Rainonta ba shi da wuya, ba ya kuma cin kuɗi. Abu na farko shi ne wuri. Daga kaka har zuwa farkon bazara rana a Kano tana karkata kudu, don haka gindin katangar da ke fuskantar arewa shi ne ya fi samun inuwa a watannin fari, musamman idan akwai bishiya a kusa. Na biyu, abin da za ta hau: dutsen marmara, ko tsohon kasko, ko tsingaron tukunya, duk wani abu mai kaushi da ke shan ruwa. A tsakiyar damina sai a ɗebo ɗan yanki, wanda bai wuce tafin hannu ba, daga inda ta fito da kanta, a bar saura domin ya sake yaɗuwa. A danna shi sosai a jikin kaskon da aka jiƙa, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har ya kama, abin da kan ɗauki makonni. Ruwan sama ya fi mata, ruwan sabulu da na omo kuwa yana ƙona ta. Ba ta son taki, ba ta son a binne ta da busassun ganyaye, kuma ƙurar hunturu kan toshe ta, sai a wanke da yayyafi mai sauƙi. Gindin randa wuri ne da ya dace da ita, domin randar ƙasa tana tsatsafar da ruwa, iska ta kwashe shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Da wannan hikimar ce malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya a ƙauyukan Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Idan ruwa ya yi wuya da rani, a ƙyale ta ta bushe. Barci take yi, damina za ta tashe ta.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Gansakuka a jikin ginin ƙasa tana nuna ruwa ya samu hanya, kuma katangar da ta sha ruwa tana iya faɗuwa a kan mutane. Gaskiya ne, shi ya sa wurinta kasko ne da dutse, nesa da bangon ɗakin kwana da hanyar da tsofaffi ke bi. Amma kankare ta ba ya gyara indararon da ya toshe; ita ta nuna ciwon ne kawai. Za a kuma ce kududdufi gidan sauro ne da ƙazanta. Wannan ma haka ne matuƙar an mai da shi juji da matattarar kwatami, maganinsa kuwa yashewa ne da hana zuba shara, domin ruwan da aka hana wa mazauni sai ya nemi wani. Wani kuma zai ce a garin da ake sayen jarka daga hannun mai ruwa, shayar da gansakuka almubazzaranci ne. Ragowar ruwan buta bayan alwala ya ishe ta.

A birnin Kiyoto na ƙasar Japan akwai wurin ibada mai suna Saihoji, wanda lambunsa ke shimfiɗe da nau'in gansakuka kusan 120, yana kuma cikin wuraren da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1994. Kano ba ta da ruwan saman Kiyoto, ba kuma wanda zai nemi ta yi irin wannan lambu. Ganuwarta dai tana cikin jerin jiran wannan hukuma tun 2007, kuma abin da ya sa birnin ya zaunu ɗaruruwan shekaru ya haɗa da bishiyoyi da tafkuna da ƙasar tsakar gida. Ya rage ga masarauta da masu unguwanni da hukumar tsara birane su tsare kududdufan da suka rage, ya kuma rage ga kowane magidanci ya bar bishiya ɗaya da taku biyu na ƙasa ba tare da siminti ba. Inda aka yi haka, gansakuka za ta dawo da kanta a damina ta gaba, kuma yaran gidan za su samu inuwar da za su zauna da rana.