Wayar Salula a Magarya da Dungas: Amfaninta da Abin da Take Ci

Kafin shekarar 2001, lokacin da kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar, mai son sanin farashin gero a wata kasuwa sai ya je da ƙafarsa, ko ya jira direban da ya dawo. Binciken da Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta yi a kasuwannin hatsi na ƙasar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. To, amma waccan waya ta kira ce kawai. Wadda ke hannunka yau, ko Tecno ce ko Itel, tana ɗauke da WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma biyun ƙarshen nan da talla suke samun kuɗi, saboda haka ribarsu ita ce ka daɗe kana kallo.

Ka fara da lissafin aljihu. A Magarya, Dungas, Bande ko Wacha, mutane da yawa na riƙe da layi biyu, na Nijar da na Nijeriya, domin 'yan'uwa da abokan ciniki na Babura da Kano. Kowane layi da katinsa, ga kuma kuɗin caji a ƙauyen da ba lantarki. Bidiyo ne ke cinye data, ba saƙon murya ba. Ka rubuta abin da ka kashe a mako ɗaya, sa'an nan ka auna shi da tiyar gero, musamman a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, masu waya a jihar Damagaram sun koyi tattalin batir tilas, suna ajiye shi don kiran da ya zama dole.

Batun yara ya fi nauyi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, kuma daga shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yaro na koyon magana ne daga wanda ke amsa masa, kamar uwa, kaka ko yaya, waya kuwa ba ta amsawa. Uwar da ke daka ko surfe ba ta da laifi don ta nemi abin da zai sa yaro ya yi shiru, sai dai gwangwani da murfin kwano da wasan ƙasa tare da sa'o'insa sun fi masa amfani. Ɗalibin da ya raba dare yana kallo kuma, a aji zai biya bashin barcin.

Sai kuma abin da ke shigowa ta wayar. Inda karatu bai wadata ba, saƙon murya ya zama jaridar jama'a, kuma ba mai tace shi. Idan yaro ya yi zazzaɓi da damina, kada ka tsaya gwada haɗin da wani ya faɗa a WhatsApp, kai shi gidan likita a ranar. Ƙungiyar likitocin MSF, wadda ta fara aiki a Magarya a 2005, ta sha ganin sashen yara na asibitin garin ya cika a watannin da zazzaɓin sauro ke haɗuwa da tamowa. Ka kuma sani cewa a watan Yunin 2024 an gyara dokar 2019 ta laifuffukan intanet, aka maido da hukuncin ɗauri kan zagi, ɓata suna da yaɗa labarin da ka iya tada hankalin jama'a. Kafin ka tura saƙo gaba, ka bincika daga ina ya fito.

Yawancin wayoyin Android na da wani sashe mai suna Digital Wellbeing, wanda ke nuna awannin da kowace manhaja ta ci, yana kuma ba ka damar sa mata iyaka. Ka hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa. Da dare ka bar wayar nesa da shimfiɗa, amma kada ka kashe ta, domin kiran ɗan ci-rani ko na mai naƙuda yakan zo da tsakar dare.