An Ba Mu Rumbu, An Ɗauke Tsani

 Wannan makon da rigima muka zo, kuma ɓangare biyu za ta taɓa: matasanmu masu rubuta manhaja, da kuma marubutan da ke ganin duk abin da ba labari ko waƙa ba ne bai kai a kira shi rubutu ba.

Bari mu fara da bayani saboda waɗanda ba su saba ba. Mai rubuta manhaja yakan ƙera wa kansa ƙananan kayan aiki, kamar yadda maƙeri kan ƙera awartakinsa. Wannan yana kwafe masa fayiloli zuwa wani wuri kowane dare, wancan yana shirya masa sabuwar kwamfuta yadda ya saba, wani kuma yana gyara masa rubutu. Idan suka taru sai ya zuba su a rumbu ɗaya a intanet, galibi a GitHub, ya buɗe wa kowa. Wannan abin yabo ne, ba mu ja ba. Inda muke ja shi ne abin da kake tararwa idan ka leƙa irin wannan rumbu: fayiloli jingim masu sunayen da sai mai su ya san ma'anarsu, kuma fayil ɗin da ake kira README, wanda shi ne shafin farko da ake bayyana wa baƙo abin da ke ciki, ko dai babu shi, ko kuma layi ɗaya ne da Turanci mai cewa waɗannan kayan aikina ne. To, mun gode. Me suke yi? Wanne ake fara taɓawa? Wanne ne idan aka taɓa zai yi ɓarna? Shiru.

Mu a wurinmu, wanda ya yi haka ya cika rumbu da hatsi ne, ya kira jama'a su ɗiba, sannan ya ɗauke tsani ya tafi da shi.

Kada wani ya ce wannan matsalar 'yan kwamfuta ce. Ku ɗauka wani ɗan uwa ya rubuta 'yar manhaja da ke bin rubutu tana mayar da k' da d' da b' zuwa ƙ da ɗ da ɓ. Duk wanda ya taɓa shirya littafin da aka buga a waya ya san irin saukin da wannan zai kawo. Amma idan bai rubuta mana yadda take aiki ba, ta ina za mu san ko tana mayar da 'y zuwa ƴ? A Nijar da ƴ ake rubutawa, a Najeriya da 'y, kuma marubuciyar da za ta kai littafinta wurin mai bugawa a Kano ba za ta so ta tarar an sauya mata kowane ''ya'ya' ba tare da saninta ba. Ta ina za mu san me take yi idan ta gamu da suna irin 'Malik' a cikin alamar zance, inda k ke biye da waƙafin sama alhali ba ƙ ake nufi ba? Tana ajiye kwafin asali kafin ta fara, ko a kan rubutun namu take aikinta kai tsaye? Jimla huɗu sun isa su amsa waɗannan tambayoyi. Rashinsu kuwa yana iya jawo wa mutum mako guda yana bin littafi mai shafi ɗari biyu layi-layi.

Wannan ma da sauƙi. Akwai kayan aikin da ke daidaita ma'ajiya biyu, su sa ta biyun ta zama daidai da ta farko, har da goge duk abin da babu shi a ta farkon. A hannun mai shi lafiya lau, don ya san wace ce ta farko. A hannun baƙon da ya juya su, aikin shekara uku yana iya tafiya cikin ƙiftawar ido.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne: "Ai don kaina na rubuta." Mun ji. To me ya sa ka buɗe rumbun? Daga ranar da ka buɗe shi, ba ka da ikon hana wani ya jingina gininsa a kan naka. A watan Maris na 2016, wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya yi saɓani da masu kula da ma'ajiyar npm a kan sunan ɗaya daga cikin kayansa, sai ya kwashe kayansa fiye da 250 daga wurin. A cikinsu akwai wani mai suna left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Cikin ɗan lokaci dubban ayyuka a duniya suka tsaya, har sai da masu ma'ajiyar suka maido da shi da kansu. Layi goma sha ɗaya! Abin da mutum ya ɗauka kayan ɗakinsa ne ashe ya zama ginshiƙin gidajen mutane. Saboda haka baƙon da ya shigo rumbunka yana da haƙƙin ya san ko har yanzu kana kula da kayan, ko ka daina tun bara, da kuma ko an yarda ya ɗauka ya gyara.

Maganar yarda ta kawo mu ga lasisi, kuma nan ne ya kamata marubuta su fi kowa fahimta, tunda kullum muna kukan masu yaɗa littattafanmu a WhatsApp ba izini. Rubutun manhaja ma yana da haƙƙin mallaka. Idan mai rumbu bai saka lasisi ba, a shari'ance bai ba kowa izinin ya kwafa ya rarraba ba, ko da kuwa a zuciyarsa kyauta ya yi niyya. Lasisin MIT bai cika shafi ɗaya ba. Saka shi aikin minti biyu ne.

Uzuri na biyu ya fi ba mu haushi: wai rubutun manhaja mai kyau shi yake bayyana kansa. Yana iya nuna wa ƙwararre abin da yake yi, amma ba ya faɗin dalilin da ya sa aka yi shi haka, ko abin da aka gwada aka watsar. Masu GitHub da kansu ba su yarda da wannan uzuri ba. A ranar 2 ga Fabrairu 2020 sun ɗauki kwafin rumbunan da ke buɗe, suka buga a kan faifan fim, suka kai wani tsohon ramin haƙar kwal a Svalbard ta ƙasar Norway, da niyyar ya kai shekara dubu. Ba su binne shi haka kawai ba. Sai da suka haɗa da jagora da aka rubuta da harshen mutane, mai bayyana wa wanda zai tono shi mene ne wannan da yadda ake karanta shi.

Yanzu kuma mu juyo ga namu. Akwai marubutan da idan ka ce su rubuta bayanin yadda ake amfani da wani abu sai su yatsina fuska, wai wannan ba adabi ba ne. Muna tuna musu cewa Abubakar Imam, wanda ya ba mu Magana Jari Ce, shi ne kuma ya zauna tare da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, suna bayyana wa mai karatu halittu da yadda duniya ke gudana da Hausar da yaro zai gane. Bai ga ya zubar da girmansa ba. Kuma mun ƙalubalanci duk mai taƙama da alƙalami ya gwada: ka rubuta matakai shida na girka manhaja, ka miƙa wa wanda bai taɓa ganinta ba, ka koma gefe ka yi shiru. A labari, idan jimlarka ta yi duhu, mai karatu zai wuce, wataƙila ma ya ce zurfi ne. A nan kuwa zai tsaya cak a mataki na uku yana kallonka. Babu editan da ya kai wannan rashin sani ba sabo.

Wasu za su ce ai harshen kwamfuta Turanci ne. Umarnin da ake ba na'ura dai ba za mu sauya shi ba, kuma ba mu nemi a sauya ba. Amma bayanin da ke kewaye da shi na mutane ne, kuma ba abin da ya hana a ajiye na Hausa kusa da na Turanci. Al'ada ce sananniya a saka alamar harshe a sunan fayil, kuma alamar Hausa ita ce ha, wato README.ha.md. Kayan aikin da aka ƙera musamman don gyara rubutun Hausa, a ce bayaninsa Turanci zalla ne, wa aka yi wa? Wasu kuma za su ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya rubuta bayanin. Suna iya karanta abin da ke cikin fayil su ba da labarinsa. Amma ba su san cewa mai kayan bai taɓa gwada shi a Windows ba, ko cewa ya rubuta shi ne don rubutun Najeriya kawai. Wannan a kansa yake, sai an tambaye shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: gobe zai samu aiki a wani gari ya manta da rumbun.

Abin da muke kira gare shi ba shi da tsada. Kusan kowannenmu ya san wani matashi mai irin wannan rumbu. Ku same shi, ku zauna awa ɗaya, shi yana nunawa ku kuna tambaya kuna rubutawa. Ku tambaye shi abin da kayan ke yi da abin da ba ya yi, da abin da mutum zai tanada kafin ya fara, da yadda ake komawa baya idan abu ya lalace. Ku sa ya duba ko ya bar kalmar sirrinsa a cikin wani fayil, domin goge ta daga baya ba ya cire ta daga tarihin rumbun, sai dai ya sauya ta gaba ɗaya. Ku sa ranar da aka gwada kayan na ƙarshe a saman shafin. Idan kun gama, kada ku ba mai kayan ya duba muku, domin shi ko kun tsallake mataki ba zai lura ba. Ku ba wata 'yar uwa da ba ta taɓa buɗe GitHub ba, ku zauna a bayanta da takarda, ku riƙa rubuta duk inda ta tsaya.