RA'AYINMU: Rantsuwar Mai Gatse Ba Shaida Ba Ce

Ba'a ba sabon abu ba ce. Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san yadda annabi Iliya ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a Dutsen Karmel, kuma duk wanda ya tsaya a wurin ya gane nufinsa. Amma a zamanin intanet an sami masu gatse waɗanda sukan rantse cewa da gaske suke, kuma rantsuwar tana cikin wasan.

A shekarar 2017, a birnin Memphis na Amurka, wani saurayi mai suna Peter McIndoe ya soma shelar cewa babu tsuntsu na gaskiya, wai gwamnati ta kashe su ta maye gurbinsu da na'urorin leƙen asiri, wai caji suke yi in sun sauka a kan wayar lantarki. Matasa da yawa suka bi shi, har da zanga-zanga. Sai a 2021 ya fito fili ya ce masu yaɗa jita-jita yake yi wa dariya.

Wanda ya fi shafar mu shi ne Landover Baptist, wata "ikkilisiya" da ta ce tana garin Freehold a jihar Iowa. Ikkilisiyar da garin duka ƙage ne. Wani mai suna Chris Harper ne ya ƙirƙira ta domin ya yi wa Kirista masu tsauri shaguɓe. Tana da fasto, da wa'azi, da ayoyi, masu rubutu da sunanta kuwa ba su yarda su ce wasa ne.

Haɗarin nan biyu ne. Mai bi yana iya ganin ayoyi ya ɗauka koyarwa ce, ya tura wa zumuntar mata ko ta matasa ta WhatsApp. Wanda ba Kirista ba kuma yana iya karantawa ya ce ashe haka muke koyarwa. Ya taɓa faruwa: a 2000 jaridar barkwanci The Onion ta ƙaga labari cewa littattafan Harry Potter suna sa yara bautar Shaiɗan, Kirista da dama suka yi ta aika wa juna shi a matsayin gaskiya.

To, yaya za mu gane? Da fari, a nemi wurin. Ikkilisiya ta gaskiya tana da gari, da ɗarika, da dattawan da za a iya samu. Na biyu, a duba wa maganar take kunyatarwa. In kowace jimla tana mai da masu ita abin dariya, da wuya su ne suka rubuta. Na uku, a lura da zuguguwar da kullum gaba take yi. Na huɗu, a bincika abin da wasu suka rubuta game da su, domin shaidar mutum a kan kansa ba ta isa ba.

Duk da haka wani lokaci alamun ba sa isa, gama akwai masu tsattsauran ra'ayi na gaske da maganarsu ta yi kama da gatse. In haka ne, sai a riƙe saƙon, kada a tura. Wanda ya yaɗa ƙage ya ba da shaidar zur, ko da kishin Ubangiji ne ya tura shi. Muna roƙon fastoci da shugabannin zumunta su koya wa jama'a wannan.

Ubangiji ya ba mu ruhun ganewa. Amin.