Bayan Fage: Igiyar Da Ke Ɗaga Superman Ba Ta Iso Mafara Ba

Ranar Talata idan kasuwar Mafara ta ci, akwai wani ciniki da ba ruwansa da mudu ko buhu. A shagunan masu tura fina-finai a waya, samari daga Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke kewaye da dam ɗin Bakolori kan tsaya da memori a hannu. Wannan ya ce a sa masa Avengers, wancan ya ce Krrish yake so amma fassarar Hausa, wani kuma Spider-Man "wanda suka haɗu su uku". Kafin kwamfuta ta gama turawa, musu ya kaure. Sai ka ji wani ya ce, "Wanga ba aikin mutum na ba, tsahi na!" Wani mai ji da wayewa kuma ya ce ai duk kwamfuta ce, jarumin ko gumi bai yi ba.

Dukkan su biyun sun yi kuskure, kuma amsar musun nasu tana nan a cikin wasu fina-finai da kusan ba wanda ke tambayar mai shago ya tura masa. Su ne fina-finan bayan fage, waɗanda 'yan industiri ke kira mekin, inda ake bin darakta da ma'aikatansa da wata kyamarar daban ana ɗaukar yadda aka yi aikin.

Ba laifin 'yan kallo ba ne. Tun da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta soma aiki da Shari'a a Janairun 2000 aka rufe gidajen sinima a Zamfara, kallo ya koma ɗaki. A shekarun faifan DVD, kamfanonin Amurka kan fitar da babban fim da faifai biyu, ɗaya na fim ɗin, ɗaya na bayan fage. Amma abin da ke isowa nan shi ne faifan satar fasaha mai fim goma ko ashirin a cunkushe, wanda ko sunayen ƙarshe ba ya bari su gama hawa. Wa zai ɓata fili da mekin? Da zamanin memori ya zo, aka ɗora daga inda aka tsaya.

Abin da ake asara ba kaɗan ba ne. Ɗauki Superman na 1978, na darakta Richard Donner. Lokacin babu zancen zana mutum da kwamfuta. Wani lokaci igiyoyin ƙarfe ake ɗaura wa Christopher Reeve a jawo shi sama, wani lokaci a kwantar da shi a kan wani mazauni da aka ƙera daidai ƙirjinsa, a haska hoton gari a bayansa. Wani masani mai suna Zoran Perisic ya ƙirƙiro dabarar haɗa zum ɗin kyamara da na majigi su yi tafiya tare, sai ka ga Superman ya taso yana nufo ka alhali yana nan inda aka ajiye shi. Wannan aikin ya ciyo wa fim ɗin kyautar Oscar ta musamman.

Masu cewa komai kwamfuta ce kuma, ga nasu. A Spider-Man na 2002 akwai fitowar da Kirsten Dunst ta zame a ɗakin cin abincin makaranta, Tobey Maguire ya tare ta da hannu ɗaya, ya cafe abincinta a kan faranti da ɗayan. Kowa ya ɗauka siddabarun edita ne. A sharhin da ke cikin faifan DVD ɗin aka bayyana cewa da gaske ya cafe, an dai shafa abu mai danƙo don farantin ya zauna masa a hannu, kuma sai da aka maimaita ɗaukar sau 156. Sau 156! A wani lokeshin ɗin na gida, jarumi ya maimaita magana sau biyar ya fara duba agogo yana cewa ana jiran sa a wani aikin.

Haka babbar motar da ta yi alkafura a The Dark Knight na 2008. Mota ce ta gaske, da direba a ciki, a kan titin LaSalle da ke tsakiyar birnin Shikago, aka dasa mata wani ƙarfe a ƙasa da ya harba ta sama ta kifa. Christopher Nolan bai yarda a zana ta ba.

Sai dai a yi hattara, domin kamfanin da ya yi fim shi ke biyan kuɗin mekin ɗinsa, kuma mai talla ba ya cewa hajarsa ta yi kwantai. A shirin Assembled da kamfanin Marvel ya fara fitarwa a 2021, kowa dariya yake yi, kowane darakta gwani ne, kowace jaruma 'yar'uwa ce. Ba a nan za ka ji koken masu aikin kwamfutar ba, waɗanda suka yi ta ƙorafin kwana a ofis da canza masu aiki a ƙurarren lokaci, har na Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a 2023. Ba kuma a cika tsayawa a kan waɗanda suka rasa rayukansu ba. Conway Wickliffe, ma'aikacin The Dark Knight, ya mutu a Ingila a 2007 wajen gwajin wata fitowa ta mota. Joi Harris ta mutu a Kanada a watan Agustan 2017 tana tuƙa babur a madadin wata jaruma a Deadpool 2, kuma shi ne fim ɗinta na farko a wannan sana'a.

Masoya Indiya ma su sani. Wajen ɗaukar Krrish na 2006 a Singafo, igiyar da ke riƙe da Hrithik Roshan ta tsinke, ya faɗo daga sama, Allah ya yi da sauran kwana rumfar wani shago ta tare shi. Wannan fa mutum ne da ƙwararren mai tsara faɗa daga Hong Kong, Tony Ching, ke tsaye a kansa. Bayan fitowar fim ɗin jaridun Indiya sun ba da labarin yaran da suka ji munanan raunuka wajen kwaikwayon tsallensa. Yaron da ke kallon Krrish a wayar yayansa a Maradun bai san da igiya ba, bai san da katifa a ƙasa ba. Minti biyar na mekin zai yi masa abin da tsawar uwa ba ta yi ba.

Akwai kuma abin da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Bayan fagen Black Panther na 2018 ya nuna cewa Wakanda ba daga sama ta faɗo ba. Ruth Carter, wadda ta ci Oscar da suturar fim ɗin, ta ɗebo daga adon Buzaye da na Masai da bargunan mutanen Lesoto. Mai kiɗan fim ɗin, Ludwig Göransson, ɗan ƙasar Suwidin, ya tafi Senegal ya bi Baaba Maal yawon wasa, ya ɗauko sautin tama, wadda 'yar'uwar kalangu ce, ya mai da ita kiɗan taken sarki T'Challa. Da za a yi kashi na biyu sai ya zo Legas, kuma shirin bayan fagen kiɗan da ya fito a 2023 da Nijeriya ya buɗe. To, a ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, inda kotso ya daɗe yana tashin sarakuna tsaye, saurayi ya kalli wannan ya ce bai ga abin ɗauka ba?

A nan ne abin ya dawo kan 'yan fim ɗin Hausa. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da Wasila, an yi fina-finan da suka girgiza kasuwa, amma nawa ne aka fitar da cikakken shirin yadda aka yi su? Ahmad S. Nuhu ya rasu a ranar 1 ga Janairun 2007, Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014. Fina-finansu suna nan, amma yadda Ibro ke ƙirƙiro barkwanci nan take a gaban kyamara, sai dai a ji a bakin waɗanda suka yi aiki da shi. Gutsattsarin bidiyon da jarumai ke sakawa a TikTok da Instagram ana rawa a lokeshin ba mekin ba ne, gaisuwa ce ga masoya. Ba ya nuna inda aka dasa fitila, ko yadda aka yi da ƙarar janareta.

Masu fassara kuma, su Algaita da takwarorinsu, da suka iya sa Hrithik Roshan ya yi Hausa kamar haifaffen Fagge, ba abin da zai gagare su idan suka liƙa minti goma na bayan fage a ƙarshen kowane fim, da bayani cikin Hausa. Kafin su yi, mekin ɗin Superman da na Krrish da na The Dark Knight duk ana samun sassansu a YouTube. Mai shago na da data da kwamfuta, kuma abin da aka yawaita tambaya shi yake saukewa. Talata mai zuwa, a tambaye shi.