Rabi da Sulusi Ba Sa Zama Humusi Biyu

Duk malamin da ya taɓa duba takardun 'yan aji huɗu ko biyar ya san wannan amsa: a ce yaro ya tara 1/2 da 1/3, sai ya rubuta 2/5. Ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ba daƙiƙanci ba ne, abin da ya saba yi da lambobi ne tun aji ɗaya. Amma humusi biyu bai ko kai rabi ba. Ta yaya mai rabin abu zai samu ƙari, kuma abin hannunsa ya ragu? Wannan tambaya ita ce darasin, ita kuwa ake tsallakewa saboda gaggawar kammala manhaja.

Ra'ayinmu shi ne a daina buɗe darasin da haddar ƙa'ida. Lambar ƙasa girman yanki take faɗa, kuma ba a tara mudu da tiya sai an mayar da su ma'auni guda. A ba yaro takarda ya ninke ta gida shida, zai gani da idonsa cewa rabi gida uku ne, sulusi gida biyu, jimla 5/6.

Harshenmu ma ya tanadi sunayen: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. Malaman rabon gado sun daɗe suna wannan lissafi a zaure. Idan mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'ya'ya maza da mata, miji na da rubu'i, uwa sudusi. Sai malam ya kasa dukiyar gida 12, domin 12 ce ƙaramar lambar da 4 da 6 ke raba ta ba saura: miji ya ɗauki 3, uwa 2, 'ya'ya su raba 7. Abin da littafin Turanci ke kira LCM ke nan. Wanda ya tashi bai gane shi ba, ran rabo sai abin da aka faɗa masa.

Mun san ninke takarda a ajin da yara ke zaune gwiwa da gwiwa ba wasa ba ne. Don haka muke kira ga shugabannin makarantu su bar wa wannan babi isasshen lokaci, hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma kuma ta sa shi cikin bitar malamai ta gaba. Iyaye kuwa, in za a raba rake ko gurasa a gida, a miƙa wa ɗan firamare, a ce ya fitar da rabin yaya da sulusin ƙane, ya faɗi abin da ya rage.